Mai Tsani a Gaban Kwamfuta

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Bangon ma ba wani na kirki ba, idan ya yi tari sai matata ta ce masa sannu daga kan gadonmu, ya amsa. Ni facin taya nake yi a ƙofar gidan hayar da muke ciki, shi kuma zanen allunan shaguna. Sunansa na gaskiya yana can a katin asibiti, amma a layinmu kowa Mai Tsani yake ce masa, don tun ranar da na fara ganinsa tsani ne a kafaɗarsa, gwangwanayen fenti uku a hannu, buroshi saƙale a bayan kunne. Ni kuma Rediyo yake ce mini. Wai ba a iya kashe ni, sai dai batir ya ƙare don kansa.

Duk wanda ya bi layinmu a wancan zamanin, aikin hannunsa yake kallo, ko ya sani ko bai sani ba. Kazar da ke saman shagon mai kaji tasa ce. Kawuna shida da ke jere a allon mai aski, kowanne da irin askinsa, nasa ne. Keken ɗinkin tela, da haƙorin nan mai murmushi na ƙofar likitan haƙori, duk daga gwangwanayen nan uku suka fito: ja, shuɗi, rawaya. Fari da baƙi a gida yake barinsu sai an buƙata. Ni ma ya yi mini nawa, taya mai fukafukai biyu. Na ce masa ni ban taɓa ganin taya da fiffike ba. Ya ce ai facina ne ba ya riƙe iska, gara tayar ta tashi ta huta. A iya sanina wannan ne kaɗai abin da ya taɓa zanawa ba tare da an ce ya zana ba, shi ma don ya ci mini fuska ne.

A tsakar gida yake kwantar da allo ya yi aikinsa, ni kuma idan ba kwastoma sai in shigo in tsaya a kansa.

"Mai Tsani, waɗannan mutanen na mai aski, wa ya ja goshinsu da igiya? Kowane kai kamar kwalba."

"Jira a ɗaga."

"Kazar nan fa? Da wa take fushi?"

"Da kai. An ba ta labarinka."

Abin haushi, da aka ɗaga allon aka kafa shi can sama, sai ga kawunan daidai, kamar su yi maka sallama. Ban gaya masa ba. Na ce dai rana ce ta gyara su.

Ba mai yawan magana ba ne. Da safe zai wanke buroshinsa a kananzir ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a bakin taga daga babba zuwa ƙarami, ya sha shayinsa a tsaye, ya fita. 'Ya'ya uku suka haifa da matarsa, biyu suka koma tun suna goye, sai ta ƙarshen, Auta, ita ta rayu. Da tsanin nan ya yi mata karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce, Allah ya jiƙanta, mace ce da ta fi ni baki, ita kaɗai nake tsoro a gidan. Tun daga nan shi kaɗai ne a ɗakin. Matata takan zuba masa abinci, shi kuma ya dawo da kwanon a wanke, ya ce gishiri ya yi yawa, don kada a ce ya ji daɗi.

Sai wani saurayi ya kama shago a bakin babban titi, ya kawo wani inji mai tsawon gado biyu. Mai Inji muke ce masa. Ka san wa ya zana masa allon shagonsa? Mai Tsani. Kwana huɗu ya yi yana yi, har da inuwa a bayan kowane harafi. Bai san abin da injin yake yi ba sai da aka kunna. Ka kawo hoton kaza a waya, kafin ka gama shan ruwa an fito maka da ita a jikin leda, ƙatuwa, da kowane gashinta. Mai kaji ne ya fara sauke allonsa. Mai aski ya bi, ya liƙa hotunan wasu 'yan ƙwallo da ba su taɓa zuwa layinmu ba. Tela ya ɗan yi kara, ya bar nasa wata shida, sannan shi ma ya rufe shi da leda. Wasu ba su ma sauke ba, fari kawai suka shafa a kai. Ni ban cire nawa ba, amma kada ka ɗauka kirki ne, rowa ce.

Aiki ya koma sai rubuta "ba a fitsari a nan" a jikin bango, da lambar gida. A irin wannan ne ya hau tsani wata safiya, ƙafa ta zame, ya faɗo a kan ƙugunsa. Wata uku yana kwance. Da ya tashi, sai da sanda, likita kuma ya ce shi da hawa sama har abada.

Auta ta zo. A bakin shagona suka yi maganar, don ɗakin ya yi zafi, ni kuma ina kankare tif ɗin taya ina jin komai. Ai ba kunnena aka yi wa faci ba.

"Baba, na gyara maka ɗaki. Da banɗakinsa a ciki. Ga jikokinka, ga asibiti kusa."

"In je in yi me?"

"Ka huta."

"Wata uku na yi ina hutawa. Na ga yadda yake."

"To nan me kake yi? Ba aiki, ba mai duba ka. Ka faɗi a banɗaki wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani, Auta. Bangon nan ko gyatsa ya yi ina ji."

Ta ce, "Kawu, don Allah."

Na koma kan tif ɗina.

A nan ne ya fito da wata takarda da ya ninke huɗu. Akwai wata cibiyar koyar da sana'a a bayan tashar bas, za su buɗe ajin zane a kwamfuta, wata uku, da safe. Kuma Mai Inji ya yi alkawari zai zo ranar ƙarshe ya zaɓi mutum biyu su zauna masa a teburin zane. Aikin zaune ne, ba tsani.

Auta ta daɗe tana kallon takardar. Ta ce, "Baba, waya ma sai an danna maka."

"Zane ne ko ba zane ba?"

"Zane ne."

"To shekara arba'in nake yinsa."

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ta yarda, ya yi. Idan Mai Inji ya ɗauke shi, ba za ta sake tayar da maganar ba. Idan bai ɗauke shi ba, za ta zo da mota, kuma ba gardama. Ya ce ya ji. Ta ce in zama shaida. Na ce ni shaidata ba ta da kyau, amma na ji.

Ranar farko ya saka farar rigarsa guda ɗaya da fenti bai taɓa ba, ya rataya jaka. Na tsaya a ƙofa na ce, "Ɗan makaranta! An ba ka na kashewa? Kada ka yi faɗa da yara, ka ji? Idan malama ta dake ka ka zo ka gaya mini."

"Kai da aka kora a aji uku."

"Ba kora ta aka yi ba, ni na sallame su."

Su goma sha huɗu ne a ajin. Mafi girma bayansa bai kai Auta ba. Malamar ma yarinya ce, Baba take ce masa, kuma ta yi haƙuri da shi, wannan ba zan ɓoye ba. Akwai wani ɗan allo baƙi da ake ajiyewa a tebur da alƙalaminsa, kana zane a nan ƙasa yana fitowa can a fuskar kwamfuta. Mako biyu ya yi yana faɗa da wannan kaɗai. Ya ce hannunsa na wuri ɗaya, idonsa na wani wuri, kamar mai susa a bayan wani. Ranar da aka nuna masa maɓallin da ke mayar da kuskure baya, ya dawo gida ya zauna a bencina, ko jaka bai sauke ba.

Na ce, "Lafiya? An ƙwace maka abincin tara?"

Ya ce, "Rediyo, ka yi kuskure, ka danna, ya tafi. Kamar ba a yi ba. Ni shekara arba'in in na yi kuskure fari nake shafawa, in jira wuni guda ya bushe."

"To ai ka ji daɗi."

"Ban sani ba."

Daga baya ya ɗan saba. Har yana gaya mini akwai launi a ciki da bai taɓa iya haɗawa da gwangwani ba, wani shuɗi mai kamar yamma bayan ruwan sama. Sai dai har aka gama bai daina taɓa gilashin da bayan yatsa ba, ya ji ko ya bushe.

Saura mako shida malama ta ba da aikin ƙarshe, wanda Mai Inji zai gani. Ta ce kowa ya zana abin da idonsa bai taɓa gani ba, abin da babu shi a duniya, daga kansa kawai. Shi ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Na ce mata, wa ya yi odar? Ta ce ba kowa. Na ce to in ba mai oda, ta yaya zan san na gama? Wa zai ce ya yi?"

"Ta ce me?"

"Wai zuciyata."

Na yi dariya har sai da na riƙe injin iska. Na ce ya zana ni ina shiru, ai ba a taɓa gani ba. Na ce ya zana mai gidan hayarmu yana gyara rufi. Bai yi dariya ba. Kwana tara yana zuwa aji yana kallon farin gilashi yana dawowa. Da yamma sai ya ɗauki sandarsa ya bi layin daga farko zuwa ƙarshe, a hankali, yana ɗaga kai a gaban kowane shago. Na ce ko haya yake nema. Rana ta goma ya fita tun kafin in buɗe shago.

Wata safiya ya manta maganinsa a taga, matata ta ce in kai masa. Shi ne zuwana na farko cibiyar. Ajin dogo ne siriri, kwamfutoci jere a jikin bango, tasa ce ta can ƙurya. Yaran duk sun sunkuya, hancinsu kamar ya taɓa gilashi, suna ƙara girman hoto suna gyara gashin ido ɗaya-ɗaya. Mai Tsani kuwa ya zaɓi buroshi mafi kauri da ke cikin kwamfutar. Zai ɗiga launi guda, dam, sai ya ajiye alƙalami, ya lalubi sanda, ya miƙe, ya ɗingisa ya wuce bayan kujerun yaran duka, ya fita ƙofa har baranda, ya juyo, ya ƙanƙance ido. Ya daɗe. Sannan ya ɗingiso ya dawo, ya zauna, ya ƙara ɗigo ɗaya. Ya sake lalubar sanda.

Na leƙa gilashin nasa daga inda yake zaune. Wallahi kamar an zubar da miya a kan tabarma. Dabbare-dabbare, wani dogo, wani karkatacce.

Abin da na yi daga nan ba na alfahari da shi. Na ɗauki tsintsiya a matsayin sanda, na bi bayansa ina ɗingishi, na je baranda na ƙanƙance ido, na dawo na ɗiga wa wani yaro yatsa a goshi na ce, "Ya bushe?" Ajin ya fashe. Har malamar sai da ta rufe baki da littafi kafin ta ce, "Kawu, don Allah ka fita, muna aiki." Shi dai ya karɓi maganinsa ya koma kan zanensa.

Da yamma na same shi ya tsoma ƙafa a bokitin ruwan ɗumi. Ƙafar ta kumbura kamar tif da aka cika wa iska.

Na ce, "Sau nawa kake wannan zirga-zirgar?"

"Ban ƙirga ba."

"Me ya hana ka zauna kamar kowa?"

Ya ce, "Allo ba na wanda ke tsaye a gabansa ba ne. Na wanda ke tsallaken titi ne, yana sauri, rana na dukan idonsa. Abin da ya yi kyau a kusa, daga can hayaƙi ne. Kuma daga ƙasa ake kallonsa, dole ka ƙara wa sama tsawo, in ba haka ba kan mutum ya koma kamar lemo. Maigidana da ya koya mini, in ya ga ka yi shafa uku ba ka sauka ka tsallaka titi ba, da buroshi zai ƙwanƙwashe ka."

"Amma wannan ai ba rataye shi za a yi ba. A tebur yake."

"Malama ma haka ta ce."

"To?"

"Na gwada. In na zauna kusa ba na ganin komai, sai launi. Hannuna bai san tebur ba, Rediyo."

Na tambaye shi me yake zanawa. Ya ce in bari a ɗaga.

Ranar ƙarshe an ce kowa zai iya zuwa da mutum ɗaya. Auta tana bakin aiki, ba ta samu zuwa ba. Bai ce in zo ba, amma ya faɗi lokacin sau biyu a gabana. Wata babbar mota ta riƙe ni da taya biyu, na isa a makare, hannuna baƙi ƙirin har gwiwa. Na ga mutane da kayansu masu tsabta, sai na tsaya a bakin ƙofa. An janyo kujeru duka can gaba, an kunna majigi yana haska hotunan a saman bango, sama da kan kowa. Mai Inji na zaune a gefe gaban kwamfutar malama.

Yaran sun yi ƙoƙari. Wani ya zana birni a cikin kwalba, har da fitilun tagogi. Wata ta zana mace da gashinta ya zama kogi, kana ganin kowane sili. Ana tafi, Mai Inji na matso da hoto yana duba gefe-gefe, yana gyaɗa kai.

Sai aka kira Baba. Ya tashi da sandarsa ya tsaya a gefen bango. Hoton ya fito.

Ni ban san yadda ake bayanin zane ba, abin da na gani zan faɗa. Layinmu ne, da yamma, a ƙarƙashin shuɗin nan da ya ba ni labari. Ga shagunan a jere, kowanne da allonsa a sama, amma allunan duk farare, ba komai a kansu. Abin da ke kansu ya fita. Ga kazar mai kaji can sama ta buɗe fiffike, ita ce a gaba. Ga kawuna shida na mai aski suna binta a jere, kowanne da askinsa, ɗaya ya waiwayo yana kallon ƙasa. Ga keken ɗinki yana tafiya a kan iska, zare na biye da shi har ƙofar tela, ya kusa tsinkewa. Ga haƙorin likita, ba ya murmushi. Duk sun nufi wuri ɗaya, can bayan rufin gidaje. A ƙasa kuma mutane na ta wucewa, ba wanda ya ɗaga kai. Allo ɗaya ne kaɗai bai zama fari ba. Tayata tana nan a wurinta, ta ɗaga fiffike ɗaya, ɗayan a ninke.

Na zata kowa abin da nake gani yake gani.

Sai na ji ɗakin shiru, irin shirun da ake yi in mutum ya yi tuntuɓe a gaban surukai. Na gaba sun ɗaga kai suna kallon dabbare-dabbare a saman hancinsu. Wata mata ta raɗa wa ɗanta, "Mene ne?" Mai Inji ya matso da hoton, ya ƙara matsowa, har bangon ya cika da wani jan abu mai kamar taɓo. Zankon kan kazar ne, ni na sani, don na ga inda ya shiga.

Malama ta ce, "Baba, ko za ka ɗan yi mana bayani?"

Ya ce, "In sai an yi bayani, bai yi ba."

Na ɗaga murya daga ƙofa. "Malama! Ki mayar da shi yadda yake, ki zo nan ki tsaya. Ku taso duka ku zo nan ku gani!"

Yaran suka waiwayo, suka gane ni. Mai tsintsiya. Ɗaya ya ce, "Kawu, ya bushe?" Dariya ta tashi.

"Wallahi ba wasa nake ba! Ku zo bakin ƙofa!"

Dariyar ta ƙaru. Wani har ya miƙe yana ɗingishi. Malama tana ta buga tebur. Na duba Mai Tsani. Ya jingina da bango, hasken majigi ya raba fuskarsa biyu, rabi ja. Bai ɗaga murya ba, amma na ji shi sarai.

"Rediyo. Yau ɗaya dai ka ƙyale ni."

Aka wuce hoto na gaba.

Mai birni a kwalba da mai gashin kogi aka ɗauka. Da aka tashi, Mai Inji ya zo ya durƙusa a gabansa, ya ce ya san Baba ne ya zana masa allonsa na farko, ba zai manta ba. Aka ba kowa takardar shaida. Shi ma aka ba shi. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. A bas ɗaya muka dawo, kujera ɗaya, yana kallon taga har muka sauka.

Washegari na rufe shago na tafi wurin Mai Inji. Na wanke hannu da sabulu sau uku kafin in je. Na gaya masa komai, kaza, kawuna, zare. Na ce ya karɓo hoton ya buga shi babba, ya rataye a sama, ya tsallaka titi ya kalla, in bai ga abin da na gani ba in yi masa faci kyauta har ya mutu.

Ya saurare ni har ƙarshe, ban raina masa ba. Sannan ya ɗauko wani katin gayyata daga tebur ya miƙo mini.

"Kawu, na yarda da kai. Amma dubi abin da nake bugawa. Wannan a hannu ake riƙe shi. Kuma ashirin nake so a zana mini kafin tsakar rana. Baba mako biyar ya yi a kan guda."

Na juya katin gaba da baya. Na mayar masa da shi kan tebur.

Mako guda Mai Tsani bai zauna a bencina ba. Ina jinsa ta bango yana jan akwati, yana buɗe leda, yana tsayawa ya huta. Shi da kansa ya sa aka kira masa Auta, bai jira ta tambaya ba. Matata ta daina yi mini magana sai da dalili.

Ranar Asabar da safe motar ta zo. Kayansa ba su cika bayanta ba. Auta da mijinta suna ɗaure katifa a sama, shi yana zaune a kujerar gaba, ƙofa a buɗe, sanda tsakanin ƙafafunsa. Na je na tsaya. Ban ce Mai Tsani ba.

Na ce, "Yaya."

Bai juyo ba.

"Na shida a cikin kawunan, mai askin da aka tsaga a gefe, shi ne ya waiwayo. Zaren keken saura kaɗan ya tsinke, daidai saman ƙofar tela. Akwai wata mata da bokiti a ka, ita ma ba ta duba sama ba. Haƙorin ya rufe baki."

Ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "A ina ka tsaya?"

"Bakin ƙofa."

"Ciki ko waje?"

"Ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje."

"Da ka ƙara taku uku baya. Akwai mutum a tagar gidanmu. Daga nan ba za ka gan shi ba."

"Wane ne?"

Auta ta zagayo tana share hannu. "Kawu, za mu kama hanya kafin rana ta yi zafi. Mun gode, Allah ya saka." Ta gyara masa ƙafarsa, ta ja masa bel, ta rufe ƙofar. Ya ɗaga mini hannu ta gilashi, irin yadda ake ɗaga wa mai gadi.

Wata biyar ke nan. Ɗakin nasa wani mai sayar da kayan waya ne a ciki yanzu. Auta ta ce Baba yana lafiya, ya yi ƙiba, kumburin ƙafar ya sauka, ta saya masa kujera mai laushi yana zama a baranda. Na yarda da ita, yarinyar kirki ce, kuma abin da ta yi shi ne daidai.

Shekaranjiya na kira, ta kai masa wayar. Na ce ɗan makaranta, an ce ka zama ƙato, kujera na kuka. Na ce mai gidan haya ya gyara rufi saboda ka tafi. Na ce mai kaji ya ce ledarsa ta koɗe, kazar ta koma kamar mara lafiya. Minti goma ina yi, duk abin da na tanada na zazzage.

Ya ce, "To. To. Madalla. Ya iyali? A gaishe su. Nan ba komai, ana kula da ni sosai."

Na jira. Ina jin numfashinsa, da muryar talabijin a bayansa.

Ya ce, "Na gode da kira, Malam." Sai ya miƙa wa Auta wayar.